Taku Nawa Gabas, Taku Nawa Arewa?

Yau lissafi za mu taɓa, amma kada kowa ya gudu. Duk wanda ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya kuma san gabas ya san arewa, to ya riga ya mallaki kayan aikin da ake buƙata.

Mu mutane ne gwanayen kwatance. Tambayi ɗayanmu gidan wane ka ji yadda zai shimfiɗa maka hanya: ka miƙe har gidan mai, ka bar kwanar farko ka shiga ta biyu, za ka ga tiransifoma, gabas da ita akwai mai shayi, ka tambaye shi. Wannan kwatance yana aiki matuƙar mai shayin bai tashi ba, matuƙar da rana ne, matuƙar kuma baƙon ya gane wane gidan mai ake nufi cikin ukun da ke bakin titin. Haka iyayenmu suka riƙa shata gonaki. Daga gabas ta yi iyaka da gonar wane, daga yamma burtali, daga kudu tsamiya, daga arewa layin gamba. Bayan shekara talatin an sare tsamiyar, gamba ta ƙone, wane ya rasu magadansa sun sayar, burtalin kuma an nome shi. Sai a bar jikoki riƙe da takarda mai ambaton abubuwa huɗu da babu ko ɗayansu a doron ƙasa. Daga nan sai gidan mai unguwa, sai kotu, wani lokaci har zumunci ya tsinke a kan kunya biyar.

Akwai wani irin kwatance da ba ya mutuwa idan an sare bishiya, kuma yawancinmu mun taɓa haɗuwa da shi a ƙaramar sakandare. Malami ya shigo ya ja layi biyu a allo, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, suka gitta juna. Ya rubuta x a bakin wannan, y a bakin wancan, ya ce kowa ya fito da littafin giraf ɗinsa mai ƙananan gidaje. Komai da Turanci, aji cike, minti arba'in kuma ba ya jiran kowa. Muka kwafa, muka ɗiga ɗige-ɗigenmu, wasu suka ci jarrabawa wasu suka faɗi, muka wuce. Lokaci bai ba malamin damar gaya mana cewa abin nan shi ne ke cikin takardar filin mahaifinmu ba, shi ne a katin awon ƙanwarmu, shi ne kuma wata rana zai zauna a aljihunmu cikin waya.

Bari mu maido da shi tsakar gida. Ka kafa turke a tsakiyar fili. Wannan turken shi ne mafari, lambarsa (0, 0). Ka ja layi a ƙasa daga yamma zuwa gabas ya bi ta kan turken, shi ne layin kwance, wanda littafi ke kira x. Ka ja wani daga kudu zuwa arewa, shi ma ta kan turken, shi ne layin tsaye, wato y. Daga nan duk abin da ke cikin gidan, randa ce ko turmi ko murhu, ana iya faɗin inda yake da lambobi biyu kacal. Ta farko tana cewa taku nawa za ka yi gabas daga turke. Ta biyu tana cewa, daga inda ka tsaya, taku nawa za ka yi arewa. Idan aka ce turmi yana (3, 2), sai ka tsaya a turke, ka yi taku uku gabas, ka juya ka yi taku biyu arewa, ƙafarka za ta bugi turmi. A takarda, gabas ita ce hannun dama, arewa kuma sama.

To idan abin yana yamma da turke fa, ko kudu? Nan ne alamar ɗebewa ke shigowa. Ita dai juya hanya take yi. Lamba ta farko idan ta zo da alamar, yamma za ka nufa maimakon gabas. Ta biyu idan ta zo da ita, kudu za ka yi maimakon arewa. Saboda haka (-4, 1) na nufin taku huɗu yamma, ɗaya arewa. (-2, -3) taku biyu yamma, uku kudu. (5, -2) taku biyar gabas, biyu kudu. Layukan nan biyu sun raba filin gida huɗu, kuma da ganin alamomin kawai za ka san ɓangaren da abu yake tun kafin ka ɗaga ƙafa. Idan kuma ɗaya daga lambobin sifiri ce, to abin a kan layi yake: (4, 0) yana kan layin kwance, (0, -3) yana kan na tsaye.

Karanta wurin abu kuwa komawa baya ne kawai. A ce randa tana ɓangaren arewa maso gabas. Ka tsaya a gindinta, ka yi kudu sak kana ƙirga taku har ka taka layin kwance, abin da ka samu shi ne lamba ta biyu. Daga nan ka yi yamma kana ƙirgawa har turke, ka samu ta farko. Iyakar karatun ke nan. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗa uku da dole mai faɗa da mai ji su yarda a kansu: wace lamba ce ke fara zuwa, ina ne mafari, kuma da wane ma'auni ake ƙirga. Duk rigimar da ke tasowa a wannan fanni, daga ɗayan ukun nan take fitowa.

Mu fara da tsari. (3, 2) da (2, 3) lambobinsu iri ɗaya ne, amma wurare biyu ne daban. Ɗaya turmi ne, ɗayan wataƙila bakin rijiya. Mun san wannan a wasu wurare ba tare da an koya mana ba. Idan aka rubuta sakamakon wasan ƙwallo 2-1, na gida ake fara ambata, ka juya shi ka mayar da mai nasara wanda aka ci. Idan muka rubuta 3/5 a kwanan wata, uku ga Mayu muke nufi, Ba'amurke kuwa zai karanta biyar ga Maris, domin su wata suke fara sakawa. Mai neman shago a kasuwa da aka ce masa layi na huɗu shago na tara, idan ya tafi layi na tara shago na huɗu, wani ɗan kasuwar zai tarar.

Ga kuma tarkon da ke jiran wanda ya iya na makaranta sosai. A littafin lissafi, gabas ake fara faɗa sannan arewa. A taswirar duniya da wayoyinmu kuwa, arewa ake fara faɗa sannan gabas, wato latitud kafin lonjitud. Birnin Kano yana wajen digiri 12.0 arewa, digiri 8.5 gabas. Wanda ya juya lambobin ya rubuta 8.5 arewa, 12.0 gabas, taswira ba za ta yi masa gardama ba. Za ta ɗauke shi salin-alin ta ajiye shi kusa da Ganye a jihar Adamawa, sama da kilomita 500 daga Kano. Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari a wajenmu shi ne, duka lambobin biyu ƙanana ne kuma kusa da juna, don haka wurin da aka juya yakan faɗo a cikin Najeriya ɗin dai, ba mai saurin lura.

Sharaɗi na biyu shi ne mafari. A tsakar gida mu muka zaɓi inda za mu kafa turke, amma wa zai zaɓa wa duniya? Na arewa da kudu bai ba da wahala ba, domin juyawar ƙasa da kanta ta nuna layin da ya raba ta biyu, wato ikwaita. Na gabas da yamma kuwa babu abin da ya tilasta shi ya bi ta wani gari, shi ya sa ƙasashe suka daɗe kowa na ja nasa ta babban birninsa. Sai a watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka zauna a Washinton, 22 suka zaɓi layin da ya bi ta gidan duba taurari na Girinic a Landan. Faransa ta ƙi kaɗa ƙuri'a, ta ci gaba da riƙe agogon Faris har zuwa 1911. Wato turken duniya ma da siyasa aka kafa shi, kuma wanda jiragen ruwansa suka fi yawa a teku shi ya yi rinjaye.

Layin nan na Girinic maƙwabcinmu ne. Bayan ya bar Ingila da Faransa da Sifen, ya ratsa Aljeriya da Mali, ya bi ta gefen Gao, ya shiga Burkina Faso da Togo, ya fita ta Tema a Ghana ya faɗa teku. Kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana ya haɗu da ikwaita. Can ne (0, 0) na duniya, tsakiyar ruwa, babu tsibiri babu gari. Masu aikin taswira a kwamfuta sun san wurin sarai, domin idan aka manta ba a cika lambobin wani wuri ba, na'ura takan ɗauke su sifiri da sifiri, sai a ga asibiti ko makaranta ta bayyana a tsakiyar teku.

Wannan magana ta mafari ta shafi aljihunmu kai tsaye. Tsofaffin taswirori da takardun awon filaye da yawa a Najeriya an gina su ne a kan wani ma'aunin ƙasa da tushensa ke kusa da Minna, tun zamanin Turawa. Wayoyinmu kuwa da ma'aunin duniya na 1984 suke aiki. Wuri ɗaya, lambobi iri biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa ta fi tsawon filoti. Saboda haka idan mutum ya ɗauki lambobin da ke takardar filinsa ya zuba a waya, ya ga ɗigon ya faɗa cikin gidan maƙwabci, kada ya yi saurin kiran 'yan uwa da sanduna. Ya fara tambayar safiyo da wane ma'auni aka yi awon.

Sharaɗi na uku shi ne ma'auni. Takun dogon mutum da na yaro ba ɗaya ba ne, idan kowa ya ƙirga da ƙafarsa za a sami turmi biyu a gida mai turmi ɗaya. A takardar giraf kowane gida daidai yake da ɗan uwansa, shi ya sa take aiki. A taswirar duniya kuwa, digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, a yankinmu na kusa da ikwaita kuma na gabas da yamma bai gaza haka da yawa ba. To ku duba lambobin nan da ke biyo bayan ɗigo, waɗanda muke ganin kamar ado ne. Ta farko tana wakiltar kusan kilomita 11. Ta biyu kilomita ɗaya da 'yan kai. Ta uku mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya da ɗoriya. Filotin da muka saba da shi, ƙafa 50 a 100, kusan mita 15 ne a mita 30. Ke nan idan mai buga takarda ya yi kuskure ɗaya tak a lamba ta huɗu bayan ɗigo, ya tura iyakar mutum mita 11, wato ya cinye fiye da rabin faɗin filin. Idan a ta uku ne, ya kai shi bayan gidaje uku ko fiye. Mutane nawa ne a cikinmu suka taɓa zama suka karanta lambobin da ke jikin taswirar filinsu kafin su sa hannu?

Wannan dabara ta faɗin wuri da lambobi biyu tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 150 miladiyya, Batlamus na Iskandariyya a Masar ya tattara latitud da lonjitud na wurare kusan 8,000 a littafinsa na labarin ƙasa. Hikimarsa ita ce, zane yana lalacewa a hannun masu kwafa, amma idan lambobi suka tsira, kowa zai iya sake zana taswirar. A Bagadaza, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda kalmar aljabara ta fito daga sunan littafinsa, ya kammala Kitabu Suratil Ardi wajen 833, ɗauke da lambobin wurare sama da 2,400, ya kuma gyara tsawon Bahar Rum da Batlamus ya zarce da shi. Albiruni ya rubuta littafi guda a 1025 kan yadda ake tantance lambobin garuruwa, ɗaya daga manufofinsa shi ne fitar da alƙiblar garin Gazna daidai.

Sunan da aka fi liƙa wa wannan fili mai layi biyu shi ne na Bafaranshe Rene Dekart, wanda ya rayu daga 1596 zuwa 1650. A 1637 ya wallafa ɗan littafinsa La Géométrie a ƙasar Holan, kuma da Faransanci ya rubuta shi a zamanin da malamai suka fi rubutu da Latin. Daga gare shi aka gaji al'adar amfani da x da y da z a madadin abin da ba a sani ba. Ɗan ƙasarsu Ferma, wanda aikin shari'a ne sana'arsa, ya kai ga irin wannan tunani a daidai lokacin. Siffar da muke gani yau, layi biyu masu gitta juna da ɓangarori huɗu, waɗanda suka biyo bayansu ne suka daidaita ta.

Abin da mutanen nan biyu suka ƙara shi ne haɗa lissafin lambobi da zane. Ɗauki ƙa'ida mai sauƙi: lamba ta biyu ta zama ninkin ta farko. Za ka sami (1, 2), (2, 4), (3, 6), kuma idan ka ɗiga su za ka ga sun jeru a miƙaƙƙen layi. Ƙa'idar ta zama hoto. Haka kuma hoto yana komawa lissafi. Ɗaki mai kusurwoyi (1, 1), (6, 1), (6, 4) da (1, 4), ba sai ka je da tef ba: tsawonsa 6 a cire 1, wato 5, faɗinsa 4 a cire 1, wato 3. Daga turke zuwa (3, 4) kuwa, idan ka yanke kai tsaye, taku biyar ne cif, domin 9 da 16 sun ba da 25, shi kuma 25 biyar sau biyar ne. Wannan uku, huɗu, biyar ɗin shi ne maginanmu ke aunawa da igiya idan suna son kusurwar harsashin gini ta fita daidai, ko da ba su taɓa jin sunan Dekart ba.

Tunanin gida-gida da layi-layi kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mai dara ya haƙa gurabe talatin, layi biyar gida shida-shida, kuma duk hankalinsa yana kan wane layi, wane gida. Mai ɗinkin hula yana ƙirga zare ta kwance da ta tsaye kafin ya soka allura, idan ya tsallake ɗaya zanen ya karkace. Akwai kuma Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina da ya tafi gabas, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Hatimin lambobi shi ne murabba'in da kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. Ga wata sananniyar hanyar cika mai gida tara, ku gwada: a sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kowace lamba ta matsa gida ɗaya dama, gida ɗaya sama. Idan ta fita waje ta shigo ta ɗaya gefen, idan ta tarar da mai gida ta sauka ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Za a sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kowane layi 15. "Ɗaya dama, ɗaya sama" ai shi ne (1, 1) da bakin gida.

Kada mu ɗauka lambobin nan ba su taɓa yanka ba. Duk wuraren da ke taku biyar daga turke, irin su (5, 0), (4, 3), (3, 4), (0, 5) da (-3, 4), idan aka haɗa su da'ira suke bayarwa. Mafari da nisa kawai take buƙata. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa sun ɗauki Sakkwato a matsayin mafari, suka ja bakan da'ira mai nisan mil 100, suka ce wannan ne wani sashe na iyakar da ke tsakaninsu. Bakan bai san rijiya ba, bai san hanyar fatake ba. Faransawa suka ga an bar su ba hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa ana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Iyakar da ta bar Katsina a nan Maraɗi a can, Sabon Birni a nan Tsibiri a can, a kan takarda mai layuka aka fara haihuwarta, a hannun waɗanda suka iya karanta ta. Kakanninmu da za su rayu a kanta ba su cikin ɗakin.

Haka kuma lambobin sun ceci rai. A yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, an daɗe ana aiki da taswirorin da aka zana da hannu, kuma akan tsallake ƙauyuka da rugage, musamman waɗanda ke bakin iyakar mazaɓu, kowane ɓangare na zaton na ɗayan ne. Daga wajen 2012 aka shiga zana taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, kowane matsuguni da lambobinsa biyu, aka kuma bai wa masu rigakafi wayoyi masu ajiye sawun inda suka taka. Da yamma a ɗora sawun a kan taswira, unguwar da ba a shiga ba ta fito fili. Abubuwa da yawa ne suka haɗu, amma wannan na cikinsu, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Akwai wanda ya fi wannan kusa da mu, yana cikin jakar kusan kowace mai jego: katin awon yara. Layin kwance watannin yaro ne, na tsaye nauyinsa da kilo. Duk zuwa awo ma'aikaciya tana ɗiga ɗigo ɗaya. A ce an sami (0, 3), (2, 5), (4, 6), (6, 7), layi yana hawa, hankali kwance. Idan kuma na gaba suka zo (8, 7) da (10, 7), layin ya kwanta, wato wata huɗu yaro bai ƙara komai ba, alhali a ido ƙila ba a ga wani canji ba. Uwar da ta iya karanta ɗigon nan za ta yi tambaya tun kafin jiki ya nuna. Wadda ba ta iya ba, katin takarda ce kawai da ake cewa kada ta ɓatar. Darasin da muka ɗauka na cin jarrabawa ne, ga shi a nan yana tsakanin yaro da tamowa.

Sai kuma wayar hannu. Taurarin GPS, waɗanda rundunar sojan Amurka ta harba, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, waya kuma tana buƙatar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Tun watan Mayu na 2000 aka daina rage wa farar hula ingancin saƙon da gangan. Yau idan muka tura wa wani inda muke ta WhatsApp, lambobi biyu muka tura, taswirar ado ce aka ɗora a kai. Mu da ke zaune a sababbin unguwannin bayan gari, inda titi ba suna gida ba lamba, mun san abin da ake ji idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ko wuta ta kama, mai mota yana waya yana cewa ga shi a gidan mai, wace kwana zai shiga. A irin wannan sa'a mai shayi ya daɗe da tashi, tiransifoma kuma ba a ganinta a duhu.

Kwatancenmu na gargajiya ba abin yarwa ba ne. Yana ɗauke da sunayen mutane da tarihin unguwa, kuma baƙon da aka ce ya tambayi mai shayi yakan sami ɗan rakiya har ƙofar gida, abin da lamba ba ta yi. Amma inda ake maganar gado, ko lafiyar yaro, ko mintunan da ke tsakanin rai da rasa shi, muna buƙatar kwatancen da zai ba kowa amsa ɗaya, yau da shekara hamsin masu zuwa.

Saboda haka ga abubuwa uku da kowannenmu zai iya yi a makon nan. Mu tsaya a ƙofar gida mu buɗe taswirar waya, mu kwafi lambobin gidanmu da aƙalla lamba biyar bayan ɗigo, mu rubuta a takarda mu manna inda kowa a gidan zai gani. Mai fili ya ɗauko takardarsa ya dubi lambobin kusurwoyin, ya tabbatar sun dace da shaidun siminti da ke ƙasa, idan bai gane ba ya nemi safiyo tun maƙwabta suna gaisawa. Sannan da yamma mu tara yaran gida, mu kafa turke, mu ja layi biyu da tsinke, mu ɓoye alewa a (-2, 3) mu ce wa zai samo ta. Yaron da ya yi taku biyu yamma da uku arewa ya tono alewa da hannunsa, ranar da malami zai ja layi biyu a allo ba zai ji an zo masa da baƙon abu ba.

Sai mako mai zuwa. Wanda ya gwada hatimi mai gida 25 da ƙa'idar nan ta ɗaya dama ɗaya sama, ya duba ko kowane layi ya ba shi 65.